Tambaya kan auna ƙarfin damƙar hannun yara

Assalamu alaikum ƴan uwa ma'aikatan lafiya. Ina aikin gashin ƙashi a nan Maraɗi, kuma cikin yaran da nake bibiya akwai ƴan shekara 6 zuwa 10 da suka farfaɗo daga doguwar jinya, nake son ganin yadda ƙarfinsu ke dawowa. Na'urar Jamar, mai auna ƙarfin damƙar hannu, nake amfani da ita: yaro ya zauna, gwiwar hannu a lanƙwashe digiri 90, ya matsa sau uku in ɗauki matsakaici.

Matsalar a maƙamar take. Matakan faɗi biyar gare ta, kuma na biyu aka fi amfani da shi ga manya. In na sa wa ƙaramin yaro a nan, kan yatsunsa kawai ke kamawa, ka ga yana cije leɓe yana matsawa amma allurar da ke nuna awon da ƙyar take motsi. In na dawo mataki na ɗaya, mai dogayen yatsu kuma farcensa ya shige tafin hannu. Ga shi awon yana tafiya kilo biyu-biyu, wanda ga yaro tazara ce babba. Sai na kasa bambance rauni na gaskiya da ƙanƙantar hannu kawai, kuma abin na damuna, domin da wannan lambar nake yi wa iyaye bayani.

Shin in tsaya kan mataki guda ga kowa? Ko in riƙa auna faɗin hannu, daga kan babban yatsa zuwa kan ƙarami, in daidaita maƙama da shi? To in yaron ya girma na sauya mataki, yaya zan kwatanta da awon baya? Wanda ya taɓa aiki da na'urar Takei, mai maƙamar da ake murɗawa a hankali, don Allah ya faɗa mini ko ta fi dacewa da yara.