Fistol ɗin da kowa ke yabo ta ba ni kunya a filin harbi

Direban Tirela, Houston:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 9 a Texas ina jan tirela, sai bana na yanke shawarar ajiye ƙaramar bindiga a gida. Wata uku ina bincike. Duk bidiyon da na buɗe a YouTube ita ake kurantawa, wai ko a laka ka binne ta ka tono sai ta tashi. Dala 700 da ɗoriya na zube. Ba zan kama sunan kamfanin ba, don ban san mai laifin ba tukuna.

Ran Asabar na kai ta filin koyon harbi da harsashi 100. Sau 6 tana cijewa. Kwanson harsashin sai ya fito rabi, murfin sama ya datse shi a tsaye. Ga wani dattijon Bature kusa da ni yana ta ɓarin wuta da tsohuwar bindigar da duk fentinta ya goge, ko tari ba ta yi ba. Kunya kamar in nutse. Yabon ne na ƙarya, ko ni ne marar sa'a?

Tsohon Soja:
Wa alaikumus salam ɗana. Kada ka yanke mata hukunci da zama ɗaya. Beretta M9 da sojan Amurka ya ɗauka a 1985 ta sha zagi a Iraƙi, ana cewa tana cijewa. Da aka bi diddigi, yawancin matsalar daga gidan harsashi ne da aka bayar kwangila wani ya ƙera. Cikinsa na da kaushi, yashi ya samu wurin kwana. Bindiga ta ɗauki zagi, mai laifi na gefe.

Ka wanke man da ta zo da shi daga kamfani kuwa? Ka wanke, ka sa sabo kaɗan. Sannan ka duba riƙonka. In wuyan hannu ya yi laushi, ƙarfin da zai tura murfin baya sai ya tafi a banza, kwanso ya maƙale daidai yadda ka faɗa. Sabon hannu kan yi haka, ba abin kunya ba ne.

Ƙanwar Maza, Atlanta:
Baba ya yi gaskiya, amma Yaya kada ka ɗauki laifin duka a ka. Kamfanoni ma suna kwafsawa. Remington R51 ta fito a 2014, mujallun bindiga suka yi ta buga mata tambura. Shekarar ba ta ƙare ba kamfanin ya tsayar da ita ya ce a mayar. Da ta dawo a 2016 kasuwa ta riga ta watse.

Ga kuma SIG P320. Janairun 2017 sojan Amurka ya zaɓe ta ta gaji M9, kowa ya ruga saye. Watan Agusta sai ga bidiyo: in ta faɗi ta wata kusurwa tana tashi da kanta, har kamfanin ya shiga sauya wa mutane kunama kyauta. A 2024 wata kotu a Philadelphia ta ba wani da tasa ta raunata diyyar dala miliyan 11, kodayake kamfanin na nan kan bakansa cewa ba ta tashi sai an ja kunama. Masu bidiyon nan kuma, da yawansu kyauta ake aiko musu. Wa zai zagi tuwon da bai saya ba?

Na Kurmi:
Mu dai a Kano 'yan kallo ne, fistol a hannun farar hula in ba lasisi, sai ɗauri. Allah ya sa kada ranar amfaninta ta zo, Malam.

Direban Tirela, Houston:
Amin, na gode. Baba, na wanke ta, na sauya harsashi, na koma jiya. Cikin 150 sau 2 ta cije, duka biyun da gidan harsashi ɗaya, na manna masa salatif don in gane shi. Ɗayan gidan harsashin lafiya lau. Na kira kamfanin sun ce in aiko musu da mai salatif ɗin. Bindigar kuma tana cikin akwati a kulle sai ta yi min harbi 300 a jere ba cijewa.