Tambaya kan ɓeraye, ƙarancin oksijin da hawan jini

Ɗalibar Aboabo:
Assalamu alaikum. Ina karatun ilimin aikin sassan jiki a nan Kumasi. A makon jiya malaminmu ya nuna mana bidiyon wani ɓera a cikin akwatin gilashi, wanda aka rage wa oksijin daga kashi 21 cikin ɗari da ke cikin iskar da muke shaƙa zuwa kashi 10. Nan da nan haƙarƙarinsa ya shiga ɗagawa da sauri, amma daga baya sai ya lafe a kusurwa, aka ce zafin jikinsa ma ya sauka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne cewar da malamin ya yi irin wannan gwaji yana bayyana dalilin kamuwar masu minshari da hawan jini. Ina tambaya ne kuma saboda kawuna, wanda muke jin minsharinsa har tsakar gida. Yakan yi tsit, sannan ya zabura da gurnani, kuma shekara uku ke nan yana shan maganin hawan jini.

Tsohon Malami, Asawase:
Wa alaikumus salam, 'yata. A kowane gefe na wuya, daidai inda babbar jijiyar jini mai zuwa kai ta rabu biyu, akwai wani ɗan ƙullutu da ake kira karotid, kuma aikinsa ɗanɗana jini. Da zarar oksijin ya ragu sai ya aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa, daga can kuma umarni biyu suke fita tare: ɗaya ya hanzarta numfashi, ɗaya kuma ya tayar da jijiyoyin ko-ta-kwana, waɗanda suke matse hanyoyin jini ba tare da sanin mai jikin ba. A kan binciken wannan tsari ne Corneille Heymans na Beljiyam ya samu kyautar Nobel ta 1938. Lafewar da kika gani kuwa dabara ce ta ƙananan dabbobi, domin sukan rage ƙona abinci da samar da zafi har buƙatarsu ta oksijin ta ragu, abin da babban mutum ba ya iyawa sai kaɗan.

Ma'aikaciyar Jinya, Nima:
Malam ya gama magana kan asalin abin, Allah Ya ƙara basira. Sai dai, ƙanwata, amsar tambayarki tana cikin maimaici ne, domin irin wannan mai minshari numfashinsa yakan tsaya ya dawo sau da yawa cikin barci, oksijin ɗin jininsa yana sauka yana hawa. A 1992 Eugene Fletcher da abokan aikinsa sun riƙa rage wa ɓeraye oksijin na 'yan daƙiƙoƙi suna mayarwa, sau da yawa a cikin sa'o'in barcinsu, har kwana 35. Jinin ɓerayen ya hau, kuma ya zauna a sama ko da suna shaƙar iska cikakkiya, alhali waɗanda aka yanke wa jijiyar da ke kai saƙo daga ƙullutun karotid zuwa ƙwaƙwalwa tun farko jininsu bai hau ba. Wato ƙullutun ya zama kamar mai gadin da aka yi ta firgitawa har ya koma busa usur ko babu ɓarawo. Masu bincike a Burazil sun kuma ga irin waɗannan ɓeraye suna tura numfashi waje da tsokar ciki, kuma tare da kowace turawa jijiyoyin ko-ta-kwana suna ƙara harbawa. Ɓeran da aka ajiye cikin ƙarancin oksijin mara yankewa kuwa, jajayen ƙwayoyin jininsa ne suke ƙaruwa, jinin kuma ya fi hawa a hanyoyin huhu.

Tsohon Malami, Asawase:
Haka ne, Hajiya, amma kada mu ɗora wa ɓeran abin da ya fi ƙarfinsa. Maƙogwaronsa a buɗe yake a cikin akwatin, don haka yana fitar da iskar kabon fiye da kima, shi kuwa mai minshari maƙogwaronsa ne yake toshewa, kabon ya taru a jininsa, barcinsa kuma ya yi ta katsewa. 'Yata, idan kawunki zai koma asibiti, a samu wanda yake jin barcinsa ya raka shi, ya faɗa wa likita wannan shirun da zaburar, domin shi kansa bai san yana yi ba.