Wace kalma za mu ba “munjya” da Hausa?

1/ Tun da fim ɗin Indiya mai suna Munjya ya fito a watan Yunin 2024, wanda Aditya Sarpotdar ya ba da umarninsa, na lura cewa masu ba da labarinsa da Hausa suna kiran abin da ke cikinsa “aljani”. Ina ganin kalmar ba ta dace ba, kuma ina roƙon malamai da ɗaliban harshe mu duba ta tare.

2/ Ga asalin abin. A al'adun mutanen Marathi, musamman a yankin Konkan da ke gaɓar teku a jihar Maharashtra ta Indiya, ana yi wa yaro ɗan gidan Brahmin, wato zuriyar malaman addinin Hindu, wani biki mai suna “munj”, inda ake aske masa kai, a rataya masa zare mai tsarki a addininsu, alamar ya shiga shekarun karatu. Idan ya mutu bayan wannan biki tun bai kai ga aure ba, sai su ce ruhinsa bai samu natsuwa ba, ya koma ya tare a itacen pipal, wanda dangin ɓaure ne da ceɗiya, yana tsorata masu wucewa. Shi ake kira munjya.

3/ Ke nan munjya mutum ne da ya rayu ya mutu. Aljani kuwa, a fahimtar Bahaushe, halitta ce dabam da ba ta taɓa zama ɗan Adam ba. Na san abin da ya ja mutane: zamansa a itace yana tuna mana da iskokin tsamiya da kuka. Amma mazauni ɗaya ba ya sa asali ya zama ɗaya. Kalmar da muke da ita ga mamacin da aka ce yana bayyana ita ce fatalwa.

4/ Wani ɗan'uwa ya kawo shawarar “fatalwar tuzuru”. Na gode, Malam, domin ka kamo zancen rashin aure, wanda shi ne ƙashin bayan labarin. Sai dai tuzuru babba ne da ya wuce lokacin aure, kuma kalmar tana ɗauke da zolaya, alhali mutanen Konkan suna magana ne a kan yaron da rayuwarsa ta yanke tun bai kai ba. “Dodo” ma ba ta yi ba, don ta ɓatar da tausayin da ke cikin labarin gaba ɗaya.

5/ Shawarata ita ce mu riƙe sunan, mu rubuta shi “munjiya” yadda bakinmu zai furta, sannan a farkon ambato mu bi shi da “fatalwar saurayi”. Masu fassara fina-finan Indiya, ku da kuka fi mu sanin abin da kunnen mai kallo ke karɓa, shin “fatalwar saurayi” za ta zauna a bakin ɗan wasa, ko ta yi tsawo?