Neman shawara: sitaj ɗin hawan doki na manya (horo na 'yan kwanaki), da riba ko ɓarnar kuɗi ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa mahaya, ina kwananku, ya sanyi. Dan Allah shawara nike nema. Shekarata 44, a unguwar Ali Dan Sofo ta Maradi nike, kuma tun ina yaro nike bisa doki dan mahaifinmu Allah ya jiƙan shi bai taɓa rabuwa da doki a gida ba. Yanzu ina da akawal ɗaya mai shekara 6, lahiyayye ne amma bakin shi ya yi tauri, in ba na ja linzami da ƙarfi ba baya tsayawa, ga wurgi da kai, ranar hawan sallah har sai da na ji kunya gaban mutane. To ƙanena da ke karatu a Maroko ya turo min bidiyon wani hawa da suke ce ma diresaj, doki na taku kamar mai rawa, yana tahiya a karkace, ya tsaya cak, mahayin kuma ko motsin hannun shi ba ka gani. Ya ce can Maroko akwai wurin da suke yin sitaj na sati ɗaya dan manya kawai, can za ka kwana can za ka ci, hawa safe da marece. Dama ina da niyyar zuwa ganin ƙanen nawa bayan azumi, amma kuɗin sitaj ɗin ya kusa kuɗin bijimi. Tambayata, mutum kamata da ya girma da sirdinmu na gargajiya zai ƙaru da wani abu cikin kwana 7? Kuma ba da dokina zan je ba, to shi mi zai samu?

Baban Nana:
Wa alaikumus salam Elhaji. Ni na yi irin shi lokacin da aiki ya kai ni Faransa, kwana 6, kuma wallahi in na samu hali gobe zan koma. Bari in faɗa maka abin da zai same ka dan kar ka yi mamaki. Ranar farko malamar da ta koya mana, e mace ce, ta karɓe linzamin daga hannuna, ta ɗaura ma dokin doguwar igiya ta tsaya tsakiya yana zagaya ta, can kuma ta ce in cire ƙafa daga likkafa. Ni da nike ganin na shekara 25 ina hawa, sassarfa kawai dokin ya fara na ji ina zamewa kamar buhun gero, nan na gane ashe duk shekarun nan da bakin doki nike riƙe kaina. Ka san sirdinmu akwai kwacciya gaba da baya, ya rungume ka, ko ba ka iya zama ba ba ka faɗuwa, nasu kuwa shimfiɗaɗɗe ne babu abin da zai ɓoye kuskurenka. Abin da za su koya maka ke nan, zama, da magana da doki ta cinya da ƙwauri da nauyin jiki, hannu shi ne na ƙarshe. Amfanin a yi shi a jere kuwa, abin da aka gyara maka da safe da marece za ka sake shi tun jiki bai manta ba, kuma suna ɗaukar ka bidiyo da dare a zauna a kalla tare, nan na ga kafaɗata ta dama a sauke take kullum ban taɓa sani ba. Sannan dawakinsu sun riga sun iya aikin, in ka ba da umarni daidai nan take zai yi, in bai yi ba ka san laifinka ne, to wannan jin shi za ka ɗauko ka kawo ma akawal. Kwana na uku cinyoyinka za su yi tsami har sallah sai ka lallaɓa, ka sani tun yanzu.

Ɗan Tibiri:
Elhaji gaskiya ni ban goyi baya ba. Kuɗin bijimi fa ka ce. Ka sai harawa da dusa na shekara, ka nemi tsohon mahayi a Tibiri ko nan cikin gari ya riƙe maka dokin wata biyu. Iyayenmu da suka koya ma doki takama da rawa gaban sarki wace Maroko suka je?

Dattijo Mai Kili:
Ɗana, maganar ɗan Tibiri akwai gaskiya ciki amma ba duka ba. Mu da muka tashi a barga mun san doki baya taurin baki da kan shi, hannu ne ke kashe baki. Tsoffin da suka iya ɗin nan saura nawa suka rage? Yaran yanzu sukuwa da zamiya kawai suka sani, a saki doki a guje a fizge shi ya zauna bisa ƙafafun baya mutane su yi shewa, da marece ka duba bakin jini ne. In ka ba wani ya gyara maka shi ya dawo hannunka na da, wata guda ya koma yadda yake. Ka je ka koyo, in ka dawo ka zo ka nuna min in ga ko ya bambanta da abin da ubana ya koya min.

Likitan dabbobi:
Ina ƙara kan maganar Baba Mai Kili. Kafin komai a buɗe bakin dokin nan a duba. Haƙoran doki suna ci gaba da fitowa, gefen turamen yakan yi kaifi ya yanki kumatu da harshe, wurgi da kai sau da yawa daga nan ne, a goge su kawai sai ka ga ya natsu. Na biyu linzaminmu mai zobe yana danna dasashi da ganda da haɓa lokaci ɗaya. A diresaj ana fara doki da linzami mai sauƙi mai gaɓa a tsakiya, ka sayo guda biyu can, amma ka auna faɗin bakin naka kafin ka tahi dan dawakinmu ƙanana ne kan na Turai. Kar kuma ka sa mai shi ka fita titi ranar farko, cikin shinge za ka fara. Sai abu na ƙarshe, kar ka sa rai da irin rawar da ka gani a bidiyo, wannan aikin shekaru ne, a gasar duniya ma ba a yarda doki ya shiga babban mataki sai ya kai shekara 8.

Maman Abdul:
Yaya, batun shekaru kar ya dame ka ko kaɗan. Wani ɗan Japan, Hiroshi Hoketsu, yana da shekara 71 ya yi gasar diresaj a Olamfik na Landan a 2012. Mijina ma ya haura 50 yana kilisa duk Juma'a wajen gulbi. Ni roƙona ɗaya, in kana da ciwon baya ko hawan jini ka ga likita tukun, kuma ka sa hular kwano ko da abokai za su yi maka tsiya, iyali na jiranka.

Baban Nana:
Na manta, ka sa ƙanenka ya tambaye su mutum nawa ne ga malami ɗaya, in sun wuce 5 ko 6 kallo kawai za ka yi. Ya tambaya awa nawa ne bisa doki a rana, da wane harshe ake koyarwa, kuma akwai darasin igiyar nan ko babu. Ka faɗa masu gaskiya cewa ba ka taɓa hawa sirdinsu ba dan su sa ka rukunin da ya dace. Filin da ake koyo ba wani abu ba ne, mita 20 faɗi 40 tsawo, babban na gasa 20 da 60, da haruffa a gefe dan ka san inda za ka juya. In ka dawo gona bayan girbi ta ishe ka, turaku da igiya ka auna, ƙasarmu rairayi ce dama, ka riƙa aikin da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Dokta gobe in sha Allah bayan la'asar zan kira ka ka zo ka duba haƙoran, ban taɓa sanin ana goge su ba. Na tura ma ƙanena tambayoyin nan, in amsar ta yi zan biya. Ɗan Tibiri ban ƙi taka ba, wa ka sani can da zai riƙa fita da shi kilisa da hannu mai laushi kafin in dawo? Baba kuma ka shirya, ranar da na sauka, da dokin zan zo ƙofar gidanka.