Santimita biyu: muhawara kan gwajin ƙarfin jiki na shiga NDA

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san Baba Samanja ba zai ji daɗinta ba. A ganina gwajin ƙarfin jiki da ake yi wa masu neman shiga makarantar horar da hafsoshi ta NDA a Kaduna ya fi zubar da yaran kirki fiye da tace su. Akwai wani ɗalibina, shekara uku ina koya masa lissafi, ban taɓa riƙe yaro mai kaifin basira irin tasa ba. Tun yana aji ɗaya ba shi da zance sai na zama hafsan soja. Da lokacin cike fom ya zo muka tsayar da shi jikin bango muka auna, mita 1.66. Ƙa'ida ta ce namiji sai ya kai 1.68. Ko fom ɗin bai saya ba. Santimita biyu fa, kaurin ɗan yatsa! To wai hafsa da tsawon ƙafa yake tsara yaƙi?

Baba Samanja: Wa'alaikumus salam. Malam, ka taɓo ni. Ni ban yi NDA ba, ta Difo na Zariya na shiga a matsayin kurtu, amma na yi aiki ƙarƙashin ƙananan hafsoshi da ba zan iya ƙirga su ba. A Laberiya lokacin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, na ga abin da ido. Ga bindiga, ga harsasai, ga ruwa, ga hular kwano, ana tafiya cikin daji mai laka. Laftanan da ke gaba kowa shi yake kallo. In ya fara haki yana neman wurin jingina, to umarninsa ya mutu, ko da kuwa shi ya ƙirƙiro lissafi. Kurata ba sa faɗa da baki, amma ka san sun sauke shi daga zuciya.

Malam Habu: Ranka ya daɗe, ai shi ya sa aka yi makarantar. Shekara biyar mai shiga sojan ƙasa yake yi a can. A ce shekara biyar ba su isa a gina jikin yaro ba, sai ya zo da shi a gine daga gida?

Baba Samanja: Horon ba ya jiran kowa, Malam. Daga ranar da aka aske maka kai gudu ya fara. Wanda ya zo da jiki ɗanye shi ne ƙashin ƙaurinsa ke tsagewa a watannin farko, ya kwanta asibiti, 'yan ajinsa su wuce shi. Gurbin da ya riƙe kuwa wani ɗan jiharsu aka hana.

Likita Binta: Baba da Malam, ku yi haƙuri in shigo, don na ga kowa da akuyar da yake ja. Malam yana maganar tsayi, Baba yana maganar juriya. Abin da kwamitin tantancewa na AFSB yake dubawa a jiki kashi uku ne. Akwai awo, wato tsayi da nauyi. Akwai binciken likita: ido, kunne, zuciya, jini, gwaiwa, gwame, tafin ƙafa. Sannan akwai gwajin ƙarfi, wanda babbansa shi ne gudun kilomita 3.2, mil biyu ke nan. Gudun nan ni ina bayansa ɗari bisa ɗari. Ba soja suka ƙirƙiro shi don mugunta ba. Tun 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya nuna cewa nisan da mutum ya ci a gudun minti 12 yana bayyana yadda zuciyarsa da huhunsa ke sarrafa iska. Kuma a sansanonin horo an daɗe da lura cewa waɗanda suka fi nawa a gudun farko su ne suka fi samun rauni daga baya. Ga shi abu ne da mutum zai iya gyarawa cikin 'yan watanni. Tsayi kuwa, ba atisayen da zai ƙara maka shi.

Kawu Idi: Akwai mai maganin ƙarin tsayi a kasuwarmu, kwalba dubu uku. Shi kansa da ƙyar yake leƙo kan teburinsa.

Nazifi: Kawu 😂

Malam Habu: Madalla da Likita. To a bar gudun, a yi maganar tsayin. Baba, ka san sojojin Gurka na Nefal da Ingila ke ɗauka sama da shekara ɗari biyu. Mafi ƙarancin tsayin da ake nema gare su santimita 158 ne, goma cif ƙasa da namu. A garin Fokara na Nefal ake tantance su, a ɗora wa yaro kwando mai nauyi a baya ya hau dutse da gudu. Wa ya taɓa cewa Gurka ba mazan fama ba ne? A yaƙin duniya na farko ma, a 1914, Ingila ta kafa bataliyoyi na gajeru zalla, waɗanda ba su kai santimita 160 ba, da yawansu masu haƙar kwal. Gajere dai ba yaro ba ne.

Baba Samanja: Gurka kurata ne, ba hafsoshi ba. Kuma ka faɗi da bakinka, kwando ake ɗora musu a hau dutse. In za a sauke tsayi a kawo irin wannan gwajin, rabin masu kukan tsayi ba za su kai gindin dutsen ba. Sannan kar a manta NDA ba sojan ƙasa kaɗai take yayewa ba, har da na ruwa da na sama. Matuƙin jirgin yaƙi ana auna masa har tsawon zamansa da na hannunsa, don kujerar ba a ɗinka ta daidai kowa ba.

Malam Habu: Sai a sa wa matuƙa tasu ƙa'idar, a ƙyale sauran.

Likita Binta: Abin da ya fi damuna a batun tsayi ba Gurka ba ne, gidajenmu ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 57. Tsumburewar nan yawanci kafin yaro ya cika shekara biyu take kama shi: rashin abinci mai gina jiki, yawan gudawa, zazzaɓi a kai a kai. Santimita da yaro ya rasa a goye ba kasafai yake maido da su duka ba. Saboda haka in ka kafa sanda a 1.68, ba halittar Allah kaɗai kake aunawa ba, har da tukunyar gidan da aka haifi yaron.

Nazifi: Ke nan Anti, 'yan Arewa ake cuta da wannan ƙa'idar?

Lauya Mustafa: A'a Nazifi, kar ka kai ta can. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce dole tsarin hafsoshi da sauran sojoji ya nuna daidaiton sassan ƙasa. Shi ya sa jerin waɗanda aka ɗauka yake fitowa jiha-jiha. Ɗan Jigawa da ɗan Jigawa yake takara, ba da ɗan Anambara ba. Ƙa'idar tsayi ba ta rage wa Arewa gurbi ko ɗaya. Abin da take yi shi ne, a cikin jihar, ta karkatar da gurbin zuwa ga yaron da ya tashi yana shan madara. In akwai wanda ta danne, ɗan talaka ne, ko daga wace jiha ya fito.

Baba Samanja: Lauya, ni ɗan talaka ne fitik, da kunun kanwa aka yaye ni, ga ni zanƙalele. Wasu 'ya'yan masu kuɗin ma ba su kai kafaɗata ba.

Likita Binta: Baba, ai gado ma yana da nasa kaso babba. Maganar dubbai ake yi, ba ta mutum ɗaya ba.

Baba Samanja: To bari in faɗi wadda ba ku so. Dubban yara ke nema, gurbi 'yan ɗaruruwa. An yi JAMB, an yi jarrabawar makarantar, har yanzu mutane sun yi yawa. Dole a sami rariya. Ni kuwa na fi son rariyar da ba ta san ɗan wane ba. Sandar awo ba ta jin waya. Agogo ba ya karɓar gaisuwa. Ku cire su, ku ce a auna basira da halin shugabanci da baki, sai ku ga wa zai shiga.

Lauya Mustafa: Wannan hujjar tana da nauyi, Baba, ban raina ta ba. Amma rariya ta zama mai gaskiya daban, ta zama tana tace abin da ake nema daban. In don rashin son kai ne kawai, ai ƙuri'a ma ba ta san ɗan wane ba.

Malam Habu: A West Point, makarantar horar da hafsoshin sojan Amurka, gwajin ƙarfi kashi goma cikin ɗari ne kacal na makin mai nema. Karatu sittin, alamun shugabanci talatin. Abu shida ake yi: jifan ƙwallon kwando daga durƙushe, ɗaga jiki a jikin ƙarfe, gudun je-ka-dawo, naɗe ciki daga kwance, danna ƙasa da hannu, sai gudun mil ɗaya. Kuma a garinku za ka yi, malamin motsa jiki na makarantarku ma yana iya yi maka ya aika da sakamako. Ba sai ka yi doguwar tafiya a mota, ka kwana a baƙon wuri, wataƙila da zazzaɓi a jikinka, a yanke maka hukunci da safiya ɗaya ba.

Kawu Idi: Malam, a bar wa malamin makaranta ya cike sakamako a nan? Wallahi a shekarar kowane yaro a unguwarmu zai fi barewa gudu, har da ni.

Malam Habu: Kawu ka ɓata min hujja.

Hajiya Rabi: Ku duk maganar maza kuke yi. Tun 2011 aka fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshi na NDA, su ashirin a karon farko. 'Yata ta biyu ta nace sai ta nema. Karatu ba matsala. Amma a ina yarinya za ta yi atisayen gudun kilomita uku a unguwa irin tamu? Kwana biyu ta fita da asuba da ƙaninta, ranar ta uku magana ta iso gidan kakarta. Makarantarsu ko fili babu. Likita ta ce gudu abu ne da kowa zai iya gyarawa. Kowa ɗin nan ban da 'ya'ya mata.

Likita Binta: Hajiya kin yi gaskiya, na karɓi gyara. Ki nema mata filin wata makarantar 'yan mata ko na asibitin koyarwa da yamma. In fili ne irin na wasanni mai mita 400, zagaye takwas ne kilomita 3.2.

Nazifi: Anti Likita, ni ma NDA nake so in nema, tambayata biyu. Tafin ƙafata a shimfiɗe yake, ba lanƙwasa sosai. Kuma jinina AS ne. Abokaina sun ce kar in ɓata kuɗina.

Likita Binta: Hukuncin na likitocin kwamitin ne, Nazifi, su za su duba ka, kuma ka karanta sanarwar shekarar da kyau. Amma ga abin da ilimi ya nuna. Shimfiɗaɗɗen tafi iri biyu ne: wanda lanƙwasar ke fitowa in ka yi ɗage, da wanda ya sandare yana ciwo. Na biyun shi ne matsala. Wani bincike da aka buga a 1993 kan kuratan Amurka a sansanin horo na Fort Benning ya gano masu shimfiɗaɗɗen tafi ba su fi kowa rauni ba, masu lanƙwasa mai zurfi ne ma suka fi. Wannan wata tsohuwar ƙa'ida ce da ni ma nake ganin ta cancanci a sake dubawa, Malam ya ƙara a jakarsa.

AS kuwa ba sikila ba ce, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan haka yake. Sai dai kar ka yi wasa da ita a gudu mai tsanani cikin zafi. Binciken 2016 kan baƙaƙen sojojin Amurka kusan dubu 48 ya nuna masu AS ba su fi sauran mutuwa ba, amma sun fi su haɗarin narkewar tsoka, wadda kan taɓa ƙoda. Ka sha ruwa sosai, ka hau a hankali mako-mako, kar ka yi gudu da zazzaɓi. In ka ga fitsarinka ya koma kamar shayi bayan atisaye, asibiti kai tsaye. Kuma don Allah ku bar shan tiramol da lemukan ƙara kuzari kafin gudu. Suna ɓoye gajiya ne, zuciyar kuwa tana can tana wahala.

Baba Samanja: Ka ji ko, ɗana? Ba a fafe gora ranar tafiya. Jibi bayan sallar asuba ka same ni a filin makarantar firamare da takalmin gudu. Hajiya, in 'yarki za ta zo, ta zo da ƙaninta, ni zan tsaya. In ga mai kai magana gidan kaka.

Malam Habu: Ni dai ina nan kan bakana game da tsayi. Baba bai kawo min dalilin da ya sa 1.68 soja ne, 1.66 farar hula ba.

Baba Samanja: Kai ma a jarrabawarka mai 39 ya faɗi, mai 40 ya ci. Ka taɓa kawo dalili?

Malam Habu: Mai 39 yana iya sake karatu, ranka ya daɗe.

Likita Binta: Malam, tsaya. Yaron nan shekararsa nawa, kuma da wane lokaci kuka auna shi?

Malam Habu: Sha bakwai. Bayan an tashi daga makaranta ne, wajen la'asar.

Likita Binta: Mutum ya fi tsayi da safe, da santimita ɗaya har zuwa biyu, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa in an wuni a tsaye. Kuma ɗan sha bakwai wani lokaci bai gama tsayi ba. Ku kai shi asibiti da sassafe a auna shi da ma'auni na gaske, ba jikin bango da rula ba.

Kawu Idi: In bai kai ba ku turo min shi, in haɗa shi da mutumin nan na kasuwa.

Malam Habu: Gobe ƙarfe bakwai zan kai shi da kaina.