Taƙaitawa: gyaran hotuna a takardun binciken cutar kansa

Jama'a ga abin da na tsinta daga muhawararmu kan cibiyar binciken cutar kansa ta Dana-Farber da ke Boston, wadda a Janairun 2024 ta ce za ta janye takardun bincike 6 ta gyara 31 saboda kurakuran da aka gano a hotunan gwajinsu.

1. Kowa ya yarda: in ka gano kuskure a hotonka, rubuta wa editan mujallar da kanka, kar ka jira a tona a PubPeer, shafin intanet da ake sharhi kan takardun binciken da aka wallafa.
2. Adana ainihin hotunan gwajin, su ne shaidarka.
3. Nan aka rabu, wasu sun ce in sakamako bai canza ba gyara ya wadatar, wasu suka ce hoton ɓera ɗaya da aka manna a gwaji biyu daban sai dai janyewa, ni ma can na karkata wallahi, marasa lafiya ake magana.
4. Sanar da abokan rubutu kafin ka tura.