Neman kalma: me za mu kira "silif" na zubin kayan ƙasa?

Hajiya Rabi, Aboabo a Kumasi, ƙasar Ghana:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da horo da 'yan mata ranar Asabar, kuma gobe da yamma zan kai takardar koyarwa wajen bugawa. Na fassara komai sai kalma ɗaya, wadda Turawa ke ce wa silif. Yumɓu ne da ake damawa har ya riƙa kwarara, a tace shi, a bar shi ya kwana, sannan a ɗura a mazubin filasta, wato farin garin nan da ke daskarewa in an kwaɓa shi. Filastar tana tsotse ruwa, sai yumɓun ya kama a jikinta. Bayan kamar minti 20 a juye ragowar, abin da ya manne shi ne kofin ko butar shayin. Don Allah ba na son barin ta da Turanci, rabin ɗalibaina makarantar allo kaɗai suka yi.

Ɗanjuma, Asawase:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ruwan laka mana.

Hajiya Rabi:
Ɗanjuma, shi na fara rubutawa, na goge. Laka ita ce ta bakin kwata bayan ruwan sama, ta magina yumɓu ce. Sannan kalmar ruwa ita ce babbar matsalata. Ba yawan ruwa ne ke sa shi kwarara ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, amma lita ɗaya ta silif mai kyau tana kai kilo 1.75 zuwa 1.8. Ana ɗiga masa wani sinadari ne mai suna sodiyam silikat, kamar giram 2 ko 3 a kowane kilo na busasshen yumɓu, wasu su haɗa da ɗan sodiyam kabonet, wato soda, sai ƙwayoyin yumɓun su saki juna. In na ce ruwan laka, yarinya za ta ga ya yi kauri ta ɗauko moɗa ta ƙara ruwa. Mazubi ya jiƙe sharkaf, kofi ya tsage wajen bushewa. Bara da idona na ga an yi asarar bokiti biyu ta wannan hanyar.

Inna Sahura, Nima:
To ai abin da kika siffanta koko ne, 'yata. A jiƙa, a dama, a tace a rariya, a bari ya kwana. Ki ce kokon yumɓu, duk ɗan Zongo ya gane.

Malam Tanimu, Sabon Zongo na Ankara, babban birnin Ghana:
Inna, da girmanki, amma a'a. Ku nan ba ku rarrabe koko da ƙoƙo a baki. In ta ce kokon yumɓu a gaban ɗalibai, wa zai san ko abin sha ake nufi ko ɗan ƙoƙon da aka gina da yumɓu? Kuma darasin kan gina ƙoƙuna da kofuna yake! Shawarata ita ce ZUBAU. Daga zuba, a kan ma'aunin dakau da wankau. Kalma ɗaya, gajeriya, tsantsar Hausa, ba aro ba kwatance. Harshen da ba ya haifar sababbin kalmomi daga saiwarsa kullum a bara zai ƙare.

Ɗanjuma:
Malam, dakau ai aikin daka ne da ake biyan mutum. Zubau kenan zai zama aikin zubi na lada, ba abin da ake zubawa ba.

Malam Tanimu:
Ma'auni yana faɗaɗa. Haka kowace kalma ta fara, wani ya furta, mutane suka saba. Zubau. Ku maimaita sau uku ku ji yadda ta zauna a harshe.

Usman, ɗalibin sashen tangaran a jami'ar KNUST ta Kumasi:
Kafin a yi nisa, akwai silif iri biyu. Akwai wanda ake shafa wa tukunya a baya don launi, kamar jar ƙasar da tsofaffin magina ke shafawa kafin gashi, wannan shafe ne. Na Hajiya na ɗurawa ne. Duk kalmar da za a zaɓa sai ta raba su. Kuma Hajiya ki yi hattara da jan yumɓu irin na Mfensi, yana da danƙo sosai, ba ya saki da sauƙi kamar farin yumɓu. Ki riƙa ɗiga silikat ɗin kaɗan-kaɗan, don in ya wuce ƙima sai ya koma ya yi kauri, kuma yana cin mazubi.

Baba Iddi, Alabar:
Ni maganar "ku nan" ce ta tsaya mini a rai. Malam Tanimu, shekara nawa kana cin tuwon Zongo, har yanzu mu ne "ku nan"? Kakanninmu da fataucin goro suka zo, ta Salaga, da Hausarsu a bakinsu. Don ba mu lanƙwasa ƙa da ɗa yadda Kano ke yi, ba shi ne ya sa ba mu da ikon raɗa wa abu suna ba.

Malam Tanimu:
Baba, Allah ya huci zuciyarka, ban raina kowa ba. Amma takarda ce za a buga, kuma rubutu yana da ƙa'ida. Wannan sana'a ta zamani ma ai a Najeriya ta yi suna. Ga Ladi Kwali a jikin naira 20.

Usman:
Malam, Ladi Kwali Bagwariya ce, kuma da hannu ta yi fice, ba da mazubi ba. Baturen da ya buɗe cibiyar tsohuwar Abuja (Suleja ta yanzu) inda ta yi aiki, Michael Cardew, a nan Ghana ya fara aikinsa na Afirka. Ya zo kwalejin Achimota ta Ankara a 1942, daga baya ya koma Vume a bakin kogin Volta, kafin ya je Najeriya. In alfahari za a yi, mu ma muna da Pankrono, garin magina tukwane a Kumasi.

Baba Iddi:
Allah ya yi maka albarka, yaro.

Hajiya Rabi:
Iyayena, don Allah a dawo kan kalma, mai bugawa ba zai jira ni ba. Inna ta fi kowa kusa, domin duk macen da ta taɓa dama koko ta san kaurin da nake nufi, wanda zai bi ludayi ya sauka kamar zare ba tare da ya yanke ba. Amma maganar Malam kan ƙoƙo gaskiya ce. In na ce kunun yumɓu fa?

Inna Sahura:
Kunu kalmar 'yan Najeriya ce, amma muna jin ta. Ba laifi.

Ɗanjuma:
Kunun yumɓu na zubi, don a raba shi da na shafe kamar yadda Usman ya ce. Kuma ga riba: a Hausa ana cewa kunu ya tsinke, wato ya saki ba tare da an ƙara masa ruwa ba. Abin da silikat ke yi kenan daidai.

Hajiya Rabi:
Madalla! Wannan ita ce jimlar da nake nema tun jiya: "Kada ki ƙara ruwa, ki tsinkar da shi." To shi silikat ɗin da 'yan uwansa a kira su maganin tsinkarwa?

Usman:
A ɗakin girki tsinkewa lalacewa ce, Hajiya. Ɗaliba za ta iya ɗauka aibi ne. Sai kin bayyana musu cewa a nan abin so ne. Kuma kada wata ta ji an ce soda ta ɗauko kanwa, ba a san ƙarfinta ba, kowace da irin gaurayenta.

Malam Tanimu:
Kalma huɗu a wurin da ɗaya ta isa. Kunun yumɓu na zubi bayani ne, ba suna ba ne. Ban yarda ba, amma ba ni ke da aji ranar Asabar ba. Ki sa zubau ko sau ɗaya a ƙasan shafi, a ga ko za ta kama.

Baba Iddi:
Yaran dai koko za su ce, ko an buga me.

Hajiya Rabi:
Na sa kunun yumɓu na zubi a kanun darasi, a cikin bayani kuma kunun yumɓu kawai. Malam, zubau tana ƙasan shafi na 2, na rubuta cewa wasu malamai sun ba da shawararta. Maganin tsinkarwa na bar shi da fensir tukuna, a takarda sodiyam silikat zai fito. Usman, ko za ka samu zuwa ranar Asabar da sikelinka? Nawa ba ya auna ƙasa da giram 5.